Nazarin Lamari: Gyaran Jelkot na Wani Kwalekwalen Kayak da Bai Kama Ba Sai a Karo na Uku

Kwalekwalen da mai shi

Kayak kwalekwale ne siriri mai rufaffen sama, wanda matuƙinsa ke zama a cikin wani rami da ke tsakiya yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuit ne da maƙwabtansu na yankin ƙanƙara da ke can arewacin duniya, waɗanda suke ɗinka fatar dabbobin ruwa su ɗame ta a kan ƙirar itace da ƙashi. Na wannan zamani ana yin su da kaya iri-iri, kuma sanin irin wanda ke hannun mutum shi ne farkon kowane gyara. Akwai na robar foliyetilin da ake narkawa a zuba, wanda ba shi da jelkot, wato fatar waje mai launi da sheƙi, ko kaɗan, kuma ko an shafa masa ba zai kama ba. Akwai kuma wanda ake ginawa da saƙaƙƙen zaren gilashi, ko zaren Kevlar, ko na kabon, a jiƙa zaren da rezin, wato wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya zama kamar ƙaho. Irin wannan na biyu ne ake yi wa jelkot.

Jelkot shi ma rezin ne, galibi na foliyesta, wanda aka gauraya da launi. A masana'anta shi ake fara fesawa a cikin mazubi, sannan a shimfiɗa zaren a bayansa, ta yadda idan aka ciro kwalekwalen, abin da aka fara zubawa shi ke zama fatar waje mai sheƙi. Kaurinsa bai fi kusan rabin milimita ba. Aikinsa ba da launi ne da santsi, da kare shimfiɗar zaren daga rana da ruwa da gogayya. Ƙarfin kwalekwalen ba a jikinsa yake ba, yana cikin zaren da ke ƙarƙashinsa, kuma jelkot ya fi zaren gautsi: shimfiɗar zare tana iya lanƙwasawa ta koma yadda take, shi kuwa idan lanƙwasar ta yi yawa sai ya tsage.

Kwalekwalen da wannan nazari ya shafa na zaren gilashi ne da rezin na foliyesta, tsawonsa mita 5.2, ƙasansa fari, samansa ja, kuma ya kai shekara 8 ana shiga ruwa da shi. Mai shi mutum ne da ya iya ƙananan gyare-gyare na gida amma bai taɓa aiki da rezin ba. Yana ajiye kwalekwalen a kife a ƙarƙashin rumfa, inda rana ke samun wani ɓangare na ƙasansa da yamma, kuma kowace shekara yana goge shi da kakin sheƙi irin na mota.

Rana ta 1 zuwa mako na 3: bugun dutse da jinkiri

Yana ƙoƙarin fitowa gaɓa igiyar ruwa ta ɗaga kwalekwalen ta sauke shi a kan dutse, alhali yana zaune a ciki da kayansa. Da ya kifa shi ya duba, ɓarna biyu ya gani. Ta farko wani kwarmi ne mai tsawon santimita 9 da faɗin milimita 5 a kan kunyar da ta ratsa tsakiyar ƙasan kwalekwalen, kusa da goshi, inda dutsen ya yashe jelkot har zaren ya bayyana. Ta biyu tsage-tsage ne ƙanana kamar saƙar gizo-gizo, sun fito daga wuri guda sun bazu a fili mai girman tafin hannu, a shimfiɗaɗɗen wurin da ke ƙarƙashin mazauni.

Kwarmin ne ya ɗaga masa hankali saboda shi ido ke gani daga nesa. Tsage-tsagen kuwa sai an matso kusa ake ganinsu, farce ma da ƙyar yake jin su, don haka ya ɗauke su a matsayin ƙwarzane kawai. Ya manna tef mai ƙarfi a kan kwarmin, ya bar saƙar gizon a buɗe, ya ci gaba da shiga ruwa har mako uku. A tsawon wannan lokaci bai ga ruwa yana taruwa a ciki fiye da yadda ya saba ba, kuma wannan ya ƙara masa tabbacin cewa matsalar ta fata ce kaɗai.

Mako na 4: gyara na farko

Ya sayo ƙaramin gwangwanin farin jelkot da kwalbar sinadarin daskarwa da ake kira MEKP. Ya cire tef ɗin, ya goge wurin da tsumma, ya zuba jelkot a murfin gwangwani, ya ɗiga sinadarin da ido ba tare da awo ba, ya juya na ɗan lokaci, ya cika kwarmin, sannan ya shafe saƙar gizon da abin da ya rage kamar mai shafa fenti. Da yamma ya yi aikin a cikin gareji, kuma daga baya ya gano cewa zafin wurin a wannan dare bai wuce digiri 12 na ma'aunin Salshiyas ba.

Bayan kwana biyu saman gyaran yana nan da danƙo, yana ɗaukar shaidar yatsa. Da ya sa samfefa sai ta toshe nan take, jelkot ɗin yana murɗewa a ƙarƙashinta kamar cingam. Wanda ya shafa a kan saƙar gizon kuwa da farce ya ɗaga gefensa, ya salo gaba ɗaya kamar ɓawon albasa, tsage-tsagen suna nan a ƙasa yadda suke.

Dalilai huɗu ne suka haɗu a nan, kuma kowanne shi kaɗai ya isa ya ɓata aikin. Na farko shi ne iska. Rezin na foliyesta ba ya gama daskarewa a fuskar da iska ke taɓawa, domin iskar oksijin tana katse haɗuwar sinadaran a wannan siririn sama. A masana'anta wannan ba matsala ba ce, tunda fuska ɗaya tana manne da mazubi, ɗayar kuma ana so ta zauna da danƙo don zaren da za a ɗora ya kama ta. A wajen gyara kuwa lamarin ya juye, saman yana kallon iska, don haka dole a rufe shi. Hanyoyin da aka sani uku ne: a yi amfani da jelkot mai kaki a ciki, wanda kakin ke tasowa sama ya yi shamaki yayin daskarewa, ko a fesa ruwan PVA a kai, wanda ke bushewa ya zama siririyar fata da ake wankewa da ruwa daga baya, ko a lulluɓe wurin da leda mai santsi. Gwangwanin da mutumin ya saya marar kaki ne, an rubuta haka a jikinsa, amma a lokacin bai san ma'anar rubutun ba.

Na biyu sanyi ne. Jelkot yana son zafi tsakanin digiri 18 zuwa 25, kuma idan aka yi ƙasa da kusan digiri 15 daskarewarsa tana ja da baya ƙwarai, wani lokaci ma ba ta kammaluwa. Na uku awo: ana zuba MEKP ne da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jelkot, adadin da ido ba ya iya kamawa a ƙaramin kwaɓi. Na huɗu kuma shi ne kakin sheƙin da ya shekara takwas yana gogawa, da ragowar danƙon tef. Ana shafa kaki a mazubi ne musamman don kada jelkot ya manne, to ga shi ya ɗora sabon jelkot a kan kaki, a fuska mai santsi da ba a kurza ba.

Ya kankare duka da wuƙa, ya wanke da asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo da danƙo.

Mako na 6: gyara na biyu

A wannan karo ya shirya. Ya samo jelkot mai kaki, da sirinji mai nuna kashi ɗaya cikin goma na mililita, da ƙaramin sikeli, da safar hannu, da tabarau na kariya, da takunkumi mai matatar tururin sinadarai. Tabarau ba abin sakaci ba ne a wannan aiki, domin ɗigo ɗaya na MEKP a ido yana iya makantarwa, tururin sinadarin sitairin da ke tashi daga jelkot kuma yana sa ciwon kai da jiri idan ɗakin ba ya samun iska.

Ya fara wanke wurin da asiton kafin ya sa samfefa, don kada ya tura kaki cikin ƙwarzanen da zai yi. Ya kurza kwarmin da samfefa mai kaushi, mai lamba 80 (gwargwadon girman lamba gwargwadon laushin samfefa), ya kwantar da gefunansa don kada a bar kaifi a tsaye. Sannan ya bi tsage-tsagen ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin injin gurza mai tsinin baki, yana buɗe kowace tsaga ta zama ƙaramin kwari mai faɗi a sama da matsi a ƙasa, tun daga farkonta har ƙarshenta, domin kaurin jelkot ba ya barin shi ya kutsa cikin tsaga mai sirantar gashi. Wannan kaɗai ya ci masa kusan awa biyu. Ya auna giram 20 na jelkot, ya zuba mililita 0.4 na MEKP, ya juya sosai, ya cika wuraren ya ɗan tula su sama da kewaye saboda jelkot yana ɗan tsukewa idan ya daskare. Zafin garejin digiri 21 ne. Cikin kusan minti 15 abin da ya rage a kofi ya fara kamawa, kuma washegari gyaran ya yi tauri yadda farce ba ya shiga.

Wajen gogewa ne ya yi kuskuren da ya bar tabo. Ya naɗe samfefa mai lamba 120 a yatsa, yana ta kurza tudun gyaran. Yatsa yana da laushi, yana bin tudu ya sauka gefensa, saboda haka yana cin tsohon jelkot na kewaye daidai da yadda yake cin sabon. Tunda tsohon rabin milimita ne kawai, bai ankara ba sai ga wata inuwa mai duhu ta fara fitowa a gefen saƙar gizon, inda zaren ke lekowa ta cikin fatar da ta yi siriri. Ya dakata a nan, ya ƙarasa da samfefa masu laushi, ya goge ya yi sheƙi. Launin sabon ya fi na tsohon haske sosai, kowace tsaga ta fito kamar an zana ta da alli, amma fuskar ta yi santsi kuma ya ɗauka aiki ya ƙare.

Mako na 7 zuwa na 9: tsagar ta dawo

Ya shiga ruwa sau uku. Bayan fita ta uku ya kifa kwalekwalen don ya wanke, sai ya ga saƙar gizon ta dawo, wasu tsagen a tsakiyar sabon jelkot ɗin, wasu kuma sababbi a gefensa. Kwarmin goshi kuwa ko motsi bai yi ba, yana nan daram. Kwaɓi ɗaya ne, rana ɗaya, hannu ɗaya, amma wuri ɗaya ya riƙe ɗaya ya saki, don haka babu yadda za a ɗora laifin a kan jelkot ɗin ko awonsa.

Mako na 10: bincike

Ya kai kwalekwalen wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran ƙananan jiragen ruwa. Dattijon bai tsaya kallon tsage-tsagen ba. Gwaji uku ya yi, duka cikin minti kaɗan, kuma babu wanda ke buƙatar kayan aiki na musamman.

Da farko ya danna wurin da babban yatsa, sannan ya danna daidai wurin a ɗaya ɓangaren kwalekwalen. Ɓangaren lafiya ya ɗan lotsa ya turo yatsan baya. Mai ciwon ya lotsa cikin sauƙi, har da wata 'yar ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Na biyu, ya ɗauki tsabar ƙarfe yana ƙwanƙwasa gefenta a jikin kwalekwalen, yana tafiya daga lafiyayyen wuri zuwa tsakiyar saƙar. A lafiyayyen wuri ƙarar tana fita tas da kaifi, da ya shigo wurin ciwon sai ta koma a dushe kamar ana buga kwali. Duk inda sautin ya canza ya ɗiga alama da fensir, har alamomin suka zagaye wani fili mai tsawon santimita 14 da faɗin santimita 10, wanda ya fi abin da ido ke gani daga waje. Na uku, suka cire mazaunin, ya haska tocila mai ƙarfi daga waje, ya ce wa mai kwalekwalen ya leƙa ta ciki. Lafiyayyar shimfiɗar zaren gilashi tana barin haske ya ratsa ta bai ɗaya. A wurin ciwon akwai wani farin tabo mai gajimare da layuka a cikinsa, alamar cewa rezin ya farfashe, zaren ya rabu da shi, wasu zaruruwan ma sun karye.

Bayanin da ya biyo baya gajere ne. Lokacin da kwalekwalen ya sauka a kan dutse, nauyin mutum da kayansa yana daidai wannan wuri, shimfiɗar zaren ta lanƙwasa fiye da ƙarfinta. Tun daga ranar, duk lokacin da ya zauna ko igiyar ruwa ta bugi ƙasan, wurin yana lotsawa yana dawowa, kuma kowane jelkot da aka ɗora a kai dole ya tsage. Cikon da ya yi a karo na biyu ma ya fi fatar asali kauri, jelkot kuwa gwargwadon kaurinsa gwargwadon saurin tsagewarsa idan abin da ke ƙasa yana motsi. Goshi ya riƙe ne saboda kunyar ƙasan kwalekwale wuri ne mai kauri da lanƙwasa, ba ya lotsawa, kuma can dutsen fatar kawai ya yashe.

Akwai kuma batun ruwa. Makonnin da ya yi yana shiga ruwa da tsaga a buɗe sun bar danshi ya bi zaren da ya rabu da rezin. Dattijon ya shawarce shi ya fara gurza ya buɗe wurin, ya wanke da ruwan daɗi don gishiri da datti su fita, sannan ya bar shi ya bushe kafin komai.

Mako na 11 zuwa na 12: busarwa da gyaran zaren

Mai kwalekwalen ya gurje duk jelkot ɗin da ke cikin da'irar fensir, sabo da tsoho, har da inuwar da ya yi da yatsa, ya cire zaren da ya yi fari ya ruguje, ya kwantar da gefen ramin a hankali yadda babu wani mataki da yatsa zai ji. Ya wanke, ya bar kwalekwalen kwana 10 a busasshen ɗaki mai ɗumi. Don ya tabbatar, ya manna ƙyallen leda a kan wurin da tef ya bar shi dare ɗaya. Da safe babu raɓa a ƙarƙashin ledar.

Daga ciki ya fara. Ya kurza fili mai faɗi da samfefa mai lamba 80, ya goge da asiton, ya yanka ƙyallen zaren gilashi guda uku, kowanne ya fi na bayansa ƙanƙanta da kusan santimita 2 a kowane gefe, babban cikinsu ya zarce da'irar ciwon da santimita 5. Manufar bambanta girman ita ce kada gefunan su taru a layi ɗaya su haifar da wuri mai tauri kusa da wuri mai laushi, domin a irin wannan iyaka ce sabuwar tsaga ke farawa. A nan wani rezin dabam da ake kira ifoksi ya yi amfani da shi, saboda ya fi foliyesta kama tsohon jiki, kuma cikin kwalekwale rana ba ta kai wa, ga shi ba za a ɗora jelkot a kai ba. Ya jiƙa kowane ƙyalle har ya daina fari ya zama garau, ya matse kumfar iska da buroshi, bai bar rezin ya yi tafki ba, tunda rezin da ya wuce buƙatar zare nauyi kawai yake ƙarawa.

Daga waje kuwa ya koma foliyesta, ya cike gurbin zaren da ya cire da ƙananan ƙyallaye biyu. Dalilin sauya rezin ɗin muhimmi ne. Ifoksi yana kama foliyesta da kyau, amma jelkot na foliyesta a kan ifoksi abu ne mai wuyar sha'ani: ifoksi da yawa suna fitar da wani maiƙo a fuskarsu yayin daskarewa, wanda ke hana jelkot kamawa ko daskarewa, sai an bari ya gama nuna sarai, an wanke da ruwa, an kurza. Ana iya yi, amma ga wanda aiki ya riga ya ƙi masa sau biyu, kauce wa haɗarin ya fi. Ya bar fuskar ƙyallayen ƙasa da kewaye da kusan rabin milimita, wato gurbin da jelkot zai zauna. Bayan kwana biyu ya sake dannawa da yatsa, ɓangarorin biyu suka amsa iri ɗaya, ƙarar tsabar ƙarfe ma ta dawo da kaifinta.

Mako na 13: haɗa launi da zuba jelkot

Fari ba ɗaya ba ne, kuma farin da ya shekara takwas a rana ya riga ya karkata zuwa ruwan madara. Kafin ya haɗa launi ya fara goge wani ɗan fili a gefen gyaran da man gogewa har ya cire dusashen saman, domin launin da ke ƙasan wannan dusashe shi ne wanda za a gani bayan an gama goge komai. Ya ɗebi jelkot marar kaki wanda zai ishe shi aikin duka har da ragi, ya riƙa taɓa launin rawaya da na ƙasa-ƙasa da tsinin tsinke yana juyawa, yana ɗiga kaɗan a kan gogaggen filin yana dubawa a hasken rana, sannan ya share da asiton. Duk wannan kafin a zuba sinadarin daskarwa ne, saboda haka babu gaggawa. Sai a gwaji na biyar ɗigon ya kusa ɓacewa a ido. Ya ɗebi kaɗan ya daskarar a kan wani ɓallen roba ya sake kwatantawa washegari, domin launi yakan ɗan sauya bayan daskarewa, kuma wannan gwajin ya tabbatar masa cewa jelkot ɗin da sinadarin ba su tsufa sun lalace ba.

Ya zagaye wurin da tef na takarda, ya bar tazarar milimita kaɗan. Zafin ɗakin digiri 22. Ya kwaɓa giram 20 da mililita 0.3 na MEKP, ya juya a hankali na minti ɗaya cikakke yana kankare gefen kofin, ba tare da bugawa ba don kada ya shigar da kumfa. Ya shafa fuska ta farko siririya, yana danna ta cikin saƙar ƙyallen. Da ta kama amma tana da danƙo, ya kwaɓa ta biyu ya ɗora, kuma a nan rashin kakin ya zama alheri, domin da mai kaki ne sai an jira ya daskare an kurje kakin kafin a ƙara wani. Ya tula ta biyun kaɗan sama da kewaye, ya shimfiɗa leda mai kauri da santsi tun daga gefe ɗaya yana lallaɓa ta da katin roba don iska ta fita, ya manne gefunan. Ragowar da ke kofi ya fitar da ita waje, saboda jelkot da ya taru wuri ɗaya yana ɗaukar zafi sosai yayin daskarewa.

Bayan awa 24 ya ɗaga ledar. Fuskar ta fito da tauri da sheƙi, babu danƙo, sai ƙananan ramuka uku kamar hujin allura inda kumfa ta maƙale. Ya buɗe su da tsinin wuƙa, ya cike da ɗigo-ɗigo, ya sake rufewa da leda dare ɗaya.

Mako na 14: gogewa

Wannan karo ya naɗe samfefar a jikin ɗan katako mai shafaffen ciki. Ya sabunta tef ɗin kewaye don ya kare tsohon jelkot, ya yi zane-zane da fensir a kan gyaran, ya fara da lamba 240 da ruwa. Katako ba ya sauka kwari, tudu kawai yake ci, zanen fensir kuma yana nuna inda aka taɓa da inda ba a kai ba. Da samfefar ta fara cin tef ɗin, ya san tudun ya kusa daidai, sai ya cire tef ya koma lamba 400, sannan 600, 800, 1200 da 1500, yana wanke wurin tsakanin kowace lamba, yana ɗan faɗaɗa filin, kuma bai tsallake zuwa ta gaba ba sai layukan ta baya sun ɓace. Ya ƙarasa da man gogewa da tsumma mai laushi, bayan mako guda ya shafa kaki. Kwarmin goshi bai taɓa shi ba, ya bar shi da farinsa mai haske.

Bayan wata shida

Ya shiga ruwa fiye da sau ashirin. Babu tsagar da ta dawo, wurin ba ya lotsawa, ƙararsa ba ta canza ba. Wanda ya san inda gyaran yake zai iya gano shi idan rana ta bugo a karkace, domin akwai wata siririyar iyaka a gefe ɗaya inda sabon launi ya haɗu da tsoho, kuma mai yiwuwa bambancin ya ƙaru da shekaru tunda fatun biyu ba tare za su tsufa ba. Facin ciki yana ɓoye a ƙarƙashin mazauni. Cikon goshi yana nan, sai dai ya fara ƙwarzanewa saboda jan kwalekwalen a kan yashi.

Hukunci

Gazawar farko ta rashin sanin kayan aiki ce, kuma ita ce mai sauƙin yafewa, domin ta nuna kanta cikin kwana biyu ba ta ɓoye komai ba. Ta biyu ce ta fi damuna. Aikin hannun ya yi kyau, awon daidai ne, shirin fuskar daidai ne, kuma wannan kyau shi ya rufe ainihin ciwon ya mayar da mutum ruwa da kwalekwalen da ƙasansa ya karye daidai inda yake zaune. Da tsagar ba ta dawo da wuri ba, zaren zai ci gaba da rugujewa a ƙarƙashin fata mai sheƙi har ranar da wani bugu zai huda shi, wataƙila nesa da gaɓa.

A ganina babban kuskuren tun a rana ta farko aka yi shi, lokacin da ya auna girman ɓarna biyun da abin da ido ya gani. Kwarmin mai ban tsoro na fata ne kawai. Saƙar gizon da ya raina, wadda ta fito daga wuri guda ta bazu bayan bugu, a shimfiɗaɗɗen wuri mai ɗaukar nauyi, siffarta kaɗai ta isa ta sa a cire mazauni a leƙa. Ba kowace saƙar gizo ce ke nufin zare ya karye ba. Akwai wadda tsufa ko kaurin jelkot ke kawowa, wadda buɗewa da cikewa sun ishe ta, har ma akwai wadda za a iya bari. Amma yatsa da tsabar ƙarfe da tocila ne ke raba su, gwajin minti biyar da sai a mako na goma aka yi shi. Makonni ukun da ya yi yana shiga ruwa da tsaga a buɗe su suka jawo kwana goman busarwa, gogewa da yatsa kuma ita ta faɗaɗa filin da sai da aka sake masa fata.

Abu ɗaya da nake ganin har yanzu ya rage shi ne goshin. Cikon ya riƙe, amma wurin zai ci gaba da cin yashi da tsakuwa duk lokacin da aka fito gaɓa, kuma rabin milimita na jelkot ba zai daɗe a nan ba. Abin da ya dace shi ne a ɗora masa ɗamarar kariya, wato siririn tef na zaren gilashi mai faɗin kusan santimita 5 da ake mannawa a tsawon kunyar da rezin, a rufe da jelkot mai kaki, don gogayya ta ci ɗamarar maimakon jikin kwalekwalen. Mai shi ya riga ya auna tsawon kunyar ya yanka tef ɗin, yana jiran ranar da zafin garejin zai haura digiri 18.